Na Allah Mai Allura da Barewarsa

Na Allah ɗan kawuna ne, ni kuma ɗan ƙanwar ubansa. Taubasai ke nan, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini tun daga ciki. Shi yana kirana bawansa, ni ina kiransa ragon gidan fawa, kuma a haka muka tsufa. Sunana Sale. Mu mahauta ne a Mayahi tun kaka da kakanni, har yau da haƙorana suka zube ban ajiye wuƙa ba. Shi kuwa Na Allah, Allah ya jiƙansa, sau ɗaya aka miƙa masa ita a ƙuruciya, ya ƙi karɓa.

Ranar ina wurin. Kawu ya ga ɗansa ya isa aiki, sai ya tuɓe taguwarsa ta fawa, wadda jini da kitse suka bushe a jikinta har tana iya tsayawa da kanta, ya miƙa masa ita tare da wuƙar fiɗa a gaban mahauta duka. Na Allah ya dubi taguwa, ya dubi bunsurun da ke ɗaure yana jiran malam mai yanka. Bunsurun kuwa, don tsautsayi, ya miƙo baki ya lashi hannunsa. Shi ke nan. Ya ajiye taguwa da wuƙa a ƙasa a hankali, ya juya ya nufi gida. Kawu ya yi shekara guda bai amsa gaisuwarsa ba. Ni na ɗauki wuƙar. Taguwar ma da kawu ya rasu hannuna ta dawo, ina sa ta duk ranar kasuwa.

Amma an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abu ɗaya Na Allah ya gada a gidanmu, wato kayar da sa. Ya kama ƙaho, ya murɗe wuya, kafin ka ce kwabo bajimi yana ƙasa yana mamakin yadda aka yi. Da ma'aikatar dabbobi ta fito yaƙi da ciwon bushiya mai ƙare shanu, aka nemi ƙarti masu riƙo, shi aka fara ɗauka. Daga riƙo ya koma dafa allurai, daga nan ya koma yin allurar da kansa. Bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, Faransancinsa duka bai cika tafin hannu ba, amma makiyaya tun daga Gulbin Kaba har arewa in suka zo layi sai su ce a ba su Na Allah, don sai ya yi wa saniya magana kafin ya soke ta.

Dokar aikin ita ce, duk saniyar da aka yi wa allura a huda mata kunne da wani ɗan awartaki, don kada a maimaita mata, don kuma a san gwamnati ta taɓa ta. To hannun Na Allah ya saba da wannan har ya riga kansa. Allura, huji. Allura, huji. Jakin limamin unguwarmu an kai shi ne don ciwon ciki, ya dawo da huji a kunne. Hindu matarsa takan ce in ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya kwanta zazzaɓi, sai ta naɗe masa kunnuwa da kallabi kafin uban ya shigo gida.

Daga baya aka ƙara masa aikin duba bisashe a mahauta, ba a yanka komai sai ya gani ya yarda. Ka ji inda aka haɗa ni da wahala. Shekara goma sha biyu kullum safiya sai mun yi musu. Ya buɗe bakin akuya, ya leƙa ido, ya danna ciki, ya ce wannan tana da ciki, a mayar. Wannan ƙarama ce, a mayar. In ce masa, "Na Allah, in don kai ne, garin nan kowa sai ya koma cin tafasa." Ya ce, "Bawa ba ya musu da ubangidansa." Haushinsa nake ji har cikin raina, amma ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

Sai fari na tamanin da huɗu ya zo. Wanda bai gani ba, kada Allah ya nuna masa. Gero ya fito kamar gashin gemun saurayi, ya tsaya nan, ya ƙone. Makiyaya suka kora abin da ya rage suka yi kudu, wanda ya kasa tafiya ya faɗi a hanya. Soja ke mulki a lokacin, an hana farauta, kuma doka a hannun soja ba a yi mata tayi. Manyan motoci na kawo jar dawa ta taimako, a yi layi tun safe. Mahauta ta koma wurin hira. Na Allah kuma ba shanun da zai yi wa allura, sai ya zauna a ƙofar biro, wato ofishin ma'aikatarsu, yana goge awartakinsa da tsumma, ya buɗe shi, ya rufe, ya sake gogewa.

Wata safiya cikin sanyi, ina zaune a mahauta ni kaɗai, sai ga Irmiya da jakinsa. Irmiya manomi ne daga wani ƙauye kusa da Attantane, Kirista ne, cikin 'yan gidajen nan masu majami'ar zana. Mun san juna, don ni nake sayen awakinsa lokacin da yake da awaki. Ya sauke wani buhu daga kan jaki, ya duba gabas ya duba yamma, sannan ya kwance bakin. Sai ga kai ya leƙo, da idanu manya baƙaƙe da 'yan ƙahoni kamar yatsu. Barewa ce, 'yar budurwa, ƙafarta ta baya a karye, wayar tarko ta ci naman har ƙashi.

"Zomo na ɗana wa tarko, Sale," in ji shi. "Yunwa ta koro ta daga arewa ta faɗa. Yankana ba ya shiga kasuwa, kai ka sani. Ka kira malam a yanka, ka ba ni hatsi in kai wa yara. Kwana biyu ke nan ba a ɗora tukunya a gidana ba."

Ba zan yi maka ƙarya ba, yawuna ya tsinke. Na riga na fara tunanin yadda zan raba cinyoyin. Ina miƙewa in kira malam, sai na ji tarin da na fi ƙi a duniya a bayana.

"Mi ke cikin buhu, bawana?"

Na ce, "Ba aikinka ba ne. Wannan ba dabbar gida ba ce."

Na Allah ya durƙusa. Ya buɗe bakinta, ya leƙa haƙora, ya danna ciki, daidai yadda yake yi wa kowace akuya. Ya ce, "Ƙafa huɗu, kofato a tsage, tana tuƙa. Mace ce, ƙarama, ba ta taɓa haihuwa ba. A mayar."

"A mayar ina? Daji ne gidansu."

"To can za a mayar da ita, in ta warke."

Irmiya ya sunkuyar da kai, kuma kowa ya san abin da ke ransa. Na Allah ya dube shi, ya ce ya biyo shi gida. Hindu tana da jajayen awaki biyu da ta tsallakar da su farin nan da ɓawon wake da dusar da take rage wa bakinta. Ya kwance ɗaya, ya miƙa wa Irmiya igiyar. Ni na ɗauko buhun a kafaɗa na bi su, don in ga yadda za ta ƙare, kuma ban yi asarar tafiyata ba.

Hindu ta fito daga ɗaki, ta ga akuyarta tana fita ƙofa, ta ga abin da ke shigowa. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta ce, "Malam, ka ba da mai nono ka kawo mini mai tsalle. Allah ya ƙara arziki." Ta koma ɗaki. Kwana bakwai tuwonsa yana zuwa ba gishiri.

Aikin ƙafar bai ba shi wuya ba. Ya cire wayar, ya wanke ciwon da ruwan gishiri, ya shafa shuɗin maganin nan na shanu, ya yi mata ɗori da karan dawa kamar yadda ake yi wa ɗan maraƙi. Ya ɗauko allura ya yi mata. Kuma kafin in buɗe baki, ƙas, awartaki ya yi aikinsa. Ya tsaya yana kallon hujin da ke kunnenta na hagu kamar wani ne ya yi. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Na ce, "Ragon gidan fawa, yau ka sa barewa cikin shanun gwamnati. Saura ka kai ta biro a ba ta kaki."

Abin da ya ba shi wuya shi ne ta ci. Ya kawo dusa, ta kau da kai. Ya kawo ƙaiƙayi, ko kallo. Ya ajiye ruwa a ƙwarya, ta yi kamar ba ta gani ba. In mutum ya matso sai jikinta ya ɗauki rawa, zuciyarta na bugawa har kana gani ta haƙarƙari. Kwana uku tana ramewa. Mutumin da ya yi wa shanu dubbai allura ya rasa yadda zai yi, sai ya hau jaki ya tafi har ƙauyen Irmiya ya tambaya. Irmiya ɗan maharba ne, ya san daji. Ya ce masa barewa tsoro ke kashe ta kafin ciwo. A sa ta wuri mai duhu, a hana yara leƙe, a rufe mata ido in za a taɓa ƙafar. Ba ta cin abincin turke. 'Ya'yan gawo take so, da ganyen aduwa, da magarya, ruwanta kuma a cikin guna yake.

Daga ranar, duk wanda ya bi ta Gulbin Kaba da hantsi zai ga ma'aikacin gwamnati da hular aikinsa a saman gawo, yana kakkaɓo 'ya'ya da sanda. Ya gyara mata tsohon rumbun da fari ya bari ba komai a ciki, ya yi mata shimfiɗa da rairayi. Yakan zauna a bakin rumbun ya juya mata baya, yana ta surutu a hankali, yana ba ta labarin shanun da ya sani. Ran kwana na shida ta ci daga ƙasa. Ran na ashirin ta ci daga hannunsa. Ya zo mahauta yana gaya mini kamar an yi masa haihuwa.

Bayan wata biyu aka kwance ɗori. Ta taka da ɗingishi, ta taka sosai, sannan wata rana ta yi tsallen da ta haye dangar gidan ta dawo. Hindu da ta rantse ba ruwanta, ita aka kama tana ɓoye mata 'ya'yan magarya a bakin zane. Ta sa mata suna 'Yar Fari. Barewa ta saba da gida. Tana kwana jikin jar akuyar da ta rage, tana sa kai a turmi in ana daka, tana bin Na Allah har ƙofar masallaci ta tsaya jiran ya fito. Ita dai a ganinta akuya ce.

Mutum ɗaya ne ba ta yarda da shi ba a garin nan, ni. Ko wanka na yi da sabulu, ko rigar Juma'a na sa, da na yi sallama sai ta ɗaga hanci, ta buga ƙafa, ta ruga bayan Na Allah ta ɓuya. Ya ce, "Ka gani? Ko dabba ta san mugu." Na ce ai ta san maƙiyin kasuwa ma, shi ya sa ta liƙe masa.

Na sha tuna masa cewa ya ce daji zai mayar da ita. Sai ya ce ba ciyawa tukuna. Ya ce ƙafar ba ta gama ƙarfi ba. Ya ce a bari zafi ya wuce. Gaskiyar magana, ya shaƙu da ita ne, kuma na san ya sani.

Cikin bazara sai ga wani soja mai igiya biyu a kafaɗa, wanda ke rako motocin dawa. Ban san sunansa ba, ban kuma tambaya ba, a zamanin nan ba a tambayar soja sunansa. Yana tsaye ana rabo, sai ya ga barewa ta ratso layi tana bin wani mutum kamar kare. Ya sa aka kira mutumin. Ni ina cikin layi da buhuna, na ji komai, don akwai mai fassara.

Sojan bai yi faɗa ba. Ya ce doka ta hana ajiye naman daji a gida, kuma wanda ya ajiye yana iya kwana a kaso. Ya ce zai sa ta a mota yanzu, a kai ta gidan ajiye namun daji a birni, inda akwai keji da likita da abinci. Wani ƙaramin soja ya matso da igiya. Na Allah ya dafa bayan barewar. Ya taɓa ganin barewa a keji a gidan wani attajiri a Tasawa, tana kai da komo jikin waya har gashin goshinta ya goge, kuma ya daɗe yana ba ni wannan labari.

Ana cikin ɗaura igiya sai mai igiya biyu ya sunkuya, ya kama kunnenta na hagu, ya ɗaga shi sama. Ya ce, "Wannan hujin fa?"

Na Allah ya ƙame kamar shi ma soja ne. Ya ce, "Shaidar ma'aikata ce, ranka ya daɗe. An yi mata allura. Tana hannun likita, ba a sallame ta ba."

Ka san soja da shaida. Da rantsuwa Na Allah ya yi masa da Alƙur'ani, da wataƙila bai saurara ba, amma huji na gwamnati ne, kuma ba ya so ya taka aikin wata ma'aikata ba takarda. Ya saki kunnen. Ya ce zai dawo da motoci bayan sati uku. In ya tarar an sallame ta ta koma daji, ba ruwansa. In ya tarar da ita a gari, za ta hau mota. A hanya na ce wa Na Allah, "Yau dai haukan hannunka ya yi rana." Ya dai ci gaba da tafiya, barewa na biye da shi.

Washegari ya kai ta cikin Gulbin Kaba, ya kwance igiya, ya yi mata addu'a, ya juyo. Kafin ya iso gida tana tsakar gida tana shan ruwan wanke gero. Ya sake kai ta nesa, tafiyar rabin yini, ya ɓuya a bayan kaba har ta yi nisa da kiwo, ya sulale. Da la'asar wasu mata masu itace suka rako ta har ƙofa, suka ce ita ta zo wurinsu tana shinshinar zanensu. Gari ya samu abin dariya. Yara na cewa likita ya sallami majinyaciya ta ƙi tafiya. Ni ma na yi nawa, ban rage ba.

Irmiya ne ya kashe dariyar. Ya shigo gari karɓar dawa, ya ji labari, ya same mu a zaure. Ya ce, "Na Allah, ka warkar da ƙafa ka ɓata dabba. Barewar da ke zuwa wurin mutum da kanta, a shekara irin wannan, ba ta kwana biyu a daji. Matan nan masu tsoron Allah ne. Na gaba da za ta shinshina ba lalle ya rako ta gida ba." Ya ce abin da ke raya barewa ba ƙafa ba ce kaɗai, tsoro ne, kuma Na Allah ya cire mata shi da hannunsa. In ana so ta rayu, sai an mayar mata da shi.

Na Allah ya juyo ya dube ni tun daga sama har ƙasa, kamar yadda yake duba akuya. Ya ce, "Bawana, ashe kana da amfani. Kai ne maganin da ya rage mini. Ka ɗauko taguwar baba, kada ka wanke ta."

Saura kwana biyar soja ya dawo, aka yi ruwan farko, mai ƙarfi. Muka ɗaura amalanken jaki, ni da shi da Irmiya, barewa a kwance a kan buhu an rufe mata ido. Hindu ta biyo mu har bakin ƙofa da 'yar jaka ta magarya, ta ce a ba ta a hanya, ta koma ciki da sauri. Kwana biyu muna tafiya arewa cikin rairayi, muka wuce El Alasan Mairairai, har inda gonaki suka ƙare. Ƙasa ta fara yin kore-kore, ɗan tsiro kamar an barbaɗa. Da safe Irmiya ya tsaya, ya nuna mana sawu da 'yan kashi sababbi a gindin wata aduwa. Ya ce 'yan uwanta na kusa, ba su fi uku ko huɗu ba, amma suna nan.

Aka sauke ta, aka buɗe mata ido. Na sa taguwar kawu, wadda na yi fiɗa da ita ranar kasuwar da ta wuce, na zaro wuƙaƙe biyu ina kaɗa su, na yi kanta ina ihu. Tsoho da ni, da tumbi, ina tsalle a daji kamar mai bori. Ta firgita, ta yi tsalle ɗaya sama, ta zuba da gudu. Na ce alhamdu lillahi. Sai ta yi kwana, ta zagayo, ta zo ta tsaya a bayan Na Allah tana leƙena ta gefen ƙafarsa. Na sake. Ta sake. Sau huɗu muna haka, har numfashina ya ƙare na zauna a kan amalanke.

Irmiya ya ce a hankali, "Ai ta san Sale mugu ne tun da can. Ba shi ne ke riƙe da ita ba."

Barewa ta sa baki tana lasar hannun Na Allah, yana tsaye bai janye ba. Na tuna da bunsurun nan na shekara talatin da suka wuce, kuma na san shi ma ya tuna. Sai ya cire hular aikinsa ya ajiye a kan amalanke. Ya tuɓe rigarsa. Ya miƙo mini hannu, bai dube ni ba.

"Ba ni taguwar."

Na tuɓe na ba shi. Wallahi na so in yi masa ba'a, maganar tana bakina, amma ta ƙi fita. Ya zura taguwar ubansa, wadda ya ajiye a ƙasa a gaban mahauta duka, ta zauna masa daidai kamar don shi aka ɗinka. Ya karɓi wuƙa. Barewa ta ja da baya taku biyu, ta ɗaga hanci, tana jin warin jini a jikin mutumin da ke ba ta 'ya'yan gawo. Ta matso kaɗan, ta tsaya, ba ta gane ba.

Sai ya daka mata tsawa. Ban taɓa jin wannan murya a bakinsa ba, muryar kawu ce sak. Ya yi kanta da wuƙa a sama, ya ɗebi rairayi ya watsa mata a fuska, ya tsinci dutse ya jefe ta a cinya, a ƙafar da ya ɗora da hannunsa. Ta yi wani ɗan kuka, ta ruga, ta tsaya can ta waiwayo. Ya bi ta da gudu yana zagi, yana jifa, yana faɗuwa yana tashi. Ta sake gudu. Wannan karon ba ta yi kwana ba. Muka ga farin bayanta yana tsalle a kan tudu, ya yi ƙanƙane, ya ɓace.

Ya dawo yana tafiya kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya tuɓe taguwa, ya naɗe ta da kyau, ya miƙa mini tare da wuƙar. Fuskarsa duk rairayi ne da hawaye, ya ce ƙasa ce ta shiga masa ido, muka ce haka ne. Jakar magaryar Hindu tana nan a kan amalanke, an manta ba a ba ta ba. Har muka iso Mayahi bai ci komai ba, ni kuma ban kira shi rago ba a wannan tafiya, ko bayanta.

Soja ya dawo ran da ya ce. Ya tambaya, aka ce an sallame ta. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da rabonsa.

Damina ta yi kyau a shekarar, makiyaya suka dawo da 'yan abin da ya tsira, Na Allah ya koma allura da huji, ya koma hana ni yanka. Bai ƙara ambaton barewa ba. Rumbun dai bai yarda a zuba hatsi a ciki ba sai da Hindu ta yi da gaske.

Bayan shekara uku, wata ranar kasuwa, Irmiya ya same mu a mahauta muna cikin musu a kan wata tunkiya. Ya ce wani ɗan uwansa mai kiwon raƙuma ya ga barewa huɗu a arewa da El Alasan Mairairai, har da ƙaramin ɗa. Ya ce ɗaya tana da huji a kunnen hagu, ya gan shi sarai da ta tsaya a kan tudu rana na bayanta.

Na Allah ya saki tunkiyar. Ya ce, "Ta matso kusa da shi?"

"Ina. Ya ce ita ta fara ganinsa, ita ta fara gudu. Sauran ma ita suka bi. Ya ce bai taɓa ganin barewa mai tsoron mutum kamarta ba."

Na Allah ya ce, "Madalla. Ta warke ke nan."

Ya sunkuya ya ci gaba da danna cikin tunkiyar, ya daɗe yana dannawa, fiye da yadda aikin ke bukata. Da ya ɗago bai dube mu ba. Ya ce tana da ciki, a mayar. Ni na san tunkiyar nan ba ta da ko ɗan tayi, amma na kama igiyarta na mayar.